Ranar da Kansila Sa-Ido Ya Shiga Aikin Sa-Kai

"Ni idona ba irin naku ba ne," in ji Kansila, ya daki tebur da tafin hannu har kofin shayin akawu ya yi tsalle. "In na kalli mutum, kafin ya buɗe baki na gama karanta abin da ke cikinsa, har da abin da ya ci jiya. A garin nan kaf, babu ledar da ta isa ta tashi sama ba da sanina ba!"

Yana rufe baki iska ta kwaso wata baƙar leda ta manna ta a gilashin tagar da ke bayansa. Duk zauren majalisa ya gani. Shi kaɗai ne bai gani ba.

Abokina, tsaya in gabatar maka da mutumin. Shi ne shugaban kwamitin sa ido kan manufofin kare muhalli da hulɗa da ƙungiyoyin sa-kai na majalisar ƙaramar hukuma. Da yake sunan muƙamin ya fi aikin tsawo, sai mutane suka datse shi suka bar masa Sa-Ido. Shi kuwa ya ɗauka kirari ne, har ya sa aka rubuta masa a ƙofar ofis. Gajere ne mai tumbi, irin wanda in zai shiga ɗaki tumbin ke fara yin sallama kafin mai shi ya iso. Ya iya sa ido, ya fi iya sa baki. Sa hannu ne dai bai taɓa gwadawa ba, sai in a kan takarda ne.

Abin da ya tayar masa da hankali ran nan, wani fili ne a bayan kasuwa. Da can juji ne, wanda ko kare in zai wuce sai ya ɗauke numfashi. Majalisa ta ba wata ƙungiyar sa-kai aronsa, su kuwa suka kwashe sharar, suka kafa rumfa, suna ware robobi da kwalabe, suna haɗa taki da ɓawon kayan gwari, suna rainon 'yan itatuwa suna raba wa makarantu, ranar Asabar kuma su yashe kwatar unguwa. To, wa'adin aron ya zo ƙarshe, kuma a zama na gaba majalisa za ta yanke ko a sabunta ko a karɓe.

Sa-Ido ya riga ya yi wa filin wani tanadi a zuciyarsa. So yake a tuge komai, a malale wurin da siminti, a shafa masa koren fenti, a kira shi Dandalin Kare Muhalli, sannan a kafa ƙaton allo mai ɗauke da sunan wanda ya kawo shawarar. Ba sai na gaya maka sunan wa ba.

"Mutanen nan 'yan hoto ne kawai," ya ci gaba. "Su riƙe tsintsiya a ɗauke su, su ajiye su tafi gida. Ni na san su ciki da bai."

Daga can ƙarshen tebur aka ji "Ƙoho! Ƙoho!" Wannan shi ne kansilan mazaɓar da ke maƙwabtaka da tasa, wanda ake kira Mai Tari. Likitoci sun duba ƙirjinsa sun ce lafiyarsa lau. Abin da aka lura kawai shi ne, tarin ba ya tashi sai an shara ƙarya a kusa da shi.

Shugaban majalisa, dattijo mai sanyin murya wanda ya gaji da duniya tun kafin a zaɓe shi, ya cire tabarau ya ce, "Kansila, ka taɓa zuwa filin?"

"Ranka ya daɗe, ai mai ido irin nawa ba sai ya je ba."

"To, majalisa dai ba ta da ido irin naka. Hujja take so."

"Hujja? Zan kawo muku hujja mai motsi, wadda za ku gani da idonku a bangon nan! In ban fallasa su ba, ku canza min suna."

Da ya koma gida ya tarar da matarsa tana guga. Ya rufe ƙofa, ya leƙa ta taga, ya sassauta murya kamar mai shirin juyin mulki.

"Ɓad da kama zan yi. Ranar Asabar zan shiga cikinsu a matsayin ɗan sa-kai, in ɗauki bidiyon duk abin da suke ɓoyewa."

Ta ajiye dutsen guga ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta daɗe a wajen tsakiya.

"Baban yara, ka taɓa riƙe shebur?"

"Na taɓa ƙaddamar da shebur fiye da yadda kike zato."

"Ban ce yanke kirtani ba. Riƙewa na ce."

"Ke dai ki aro min kayan aikin ƙanenki mai fenti. Sauran ki bar wa masu ƙwaƙwalwa."

Ƙanen nata kuwa siriri ne kamar sandar tuta. Da aka kawo kayan, sai da matar ta sa gwiwa a bayansa kafin wandon ya yarda ya hau. Rigar ta rufe ƙirji, ta zo kan tumbi ta ce iyakarta ke nan. Ya ɗora malafa, ya sa baƙin tabarau, ya rufe hanci da baki da takunkumi. Ya huda aljihun gaba daidai idon kyamara, ya naɗe wayarsa a cikin farar leda saboda ƙura, irin ledar nan da shi da kansa ya yi doguwar laccar a haramta, ya zura ta a aljihun.

"Yaya kika gan ni?"

"Kamar buhun da aka cika aka rasa igiyar ɗaurewa."

"Madalla. Ke nan babu mai gane ni."

Ranar Asabar da hantsi ya isa filin. Abin da ya fara ɓata masa rai shi ne wurin fes yake. Ga mutane kowa ya duƙufa: masu shara na yi, masu ban ruwa na yi, babu ko mutum ɗaya da ke ɗaukar hoto. Ya ce a ransa, "Lallai wani ya tsegunta musu."

Shugabar ƙungiyar wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, kowa Gwaggo yake ce mata. Doguwa ce, da safar hannu har gwiwar hannu, da murya irin wadda ta saba sa majinyaci ya shanye magani ba gardama. Ta hango shi yana raɓe-raɓe a bakin ƙofa.

"Bawan Allah, lafiya? Ɓata ka yi ko aiki ka zo?"

Ya matse murya ta koma siririya kamar ta sauro. "Aiki na zo, Gwaggo. Ina son muhalli."

"Sannu da zuwa. Wannan rufe fuska fa?"

"Mura nake yi."

"Allah ya sawwaƙe. Kai Tela, ga sabon hannu, ka nuna wa Mai Mura wurin ware kaya."

Shi ke nan, suna ya kama shi. Tela wani mutum ne mai fara'a, mai shago a bakin kasuwa, wanda bakinsa da hannunsa ke gudu tare kamar keken ɗinkinsa. Ya kai shi gaban tarin kaya da aka ware tun safe: robobi gefe guda, kwalabe gefe guda, gwangwani can, ɓawon kayan gwari kuma nesa kaɗan saboda taki.

"Yaya, ka ga kowane tari da buhunsa. Abin da za ka yi..."

"Na gane tun kafin ka faɗa."

"To madalla."

Sa-Ido ya gyara aljihu ya saita kyamara, ya matso kusa da Tela. Lokacin tatsar bayani ya yi.

"Ni kam, me kuke cewa game da kansilan nan mai sa ido a kanku? Na ji an ce kowa tsoronsa yake ji."

"Wane?"

"Kansila Sa-Ido mana. Shugaban kwamiti."

Tela ya tsaya ya yi tunani da gaske. Ya ɗaga murya: "Gwaggo! Wai akwai wani kansila da ke sa ido a kanmu?"

"A kanmu? Tun yaushe?"

"Wai Sa-Ido."

"Ban san shi ba. Ko shi ne dogon nan mai kirki da ke yawan tari?"

Abokina, da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Zagi ai shaida ce an san da kai. Haushi ya kama shi, har hannunsa ya kai ga takunkumi zai fizge ya ce ga shi nan a gabanku, sai ya tuna da allon da ke jiransa. Ya haɗiye.

"Ai kuwa babban mutum ne," ya ce da muryar sauron nan. "An ce kaifin basirarsa har tsoro take ba mutane. Ga kwarjini. Ga iya magana."

"To Allah ya haɗa mu da shi," in ji Tela. "In yana da baro ya zo mana da shi, namu ɗaya ne."

Aka kira Tela ya taya sauke wasu buhuna, ya bar Mai Mura shi kaɗai. Gogan naka ya dubi tarin nan da ke warwatse nan da can, ya girgiza kai. Wannan ai rashin tsari ne. Ga wuri ɗaya da zai ɗauke su duka, an bi an raba su kamar 'yan gado. Ya ɗauki shebur, bayan ya gwada ɓangarorin biyu ya gano wanda ake riƙewa, ya dinga turo wannan cikin wancan. Kafin Tela ya dawo, ya haɗa robobi da kwalabe da gwangwani da ruɓaɓɓen tumatir sun zama tsauni guda, har ya daddaɓe samansa ya yi sumul.

Tela ya tsaya baki buɗe. Aikin da mutane suka yi tun fitowar rana ke nan.

"Yaya... me ka yi haka?"

"Na tattara muku ne. Ba ka ga ya fi kyan gani ba?"

Gwaggo ta zo ta duba. Ta ja dogon numfashi irin na wadda ta ga abubuwa da yawa a asibiti.

"Ba komai. Kowa da ranarsa ta farko. Ku zo mu sake warewa. Kai kuma Mai Mura, zo in ba ka aiki mai sauƙi, wanda ba ya son tunani."

Ta kai shi wurin rainon itatuwa, ta nuna masa wani dogon fage. "Ciyawa ta yi yawa a nan. Ka cire ta, ka bar shukar. Ka iya bambanta su ko?"

"Haba Gwaggo! Ni da na yi jawabi... wato na ji jawabi a kan itatuwa ba sau ɗaya ba."

Ta tafi. Ya durƙusa, wandon ya yi wata ƙara ta gargaɗi. Ya ƙura wa fagen idon nan nasa da ba irin namu ba. Ga wasu dogaye, kore shar, sun yi kauri suna rangaji. Ga wasu kuma 'yan ƙanana, sirara, da ganye bibbiyu kamar marasa lafiya. Ai wannan ko yaro ya san amsa. Wa zai ɓata ruwansa a kan waɗannan ƙananan? Ya shiga tuge su ɗaya bayan ɗaya yana jefarwa bayansa, yana yi yana gunaguni a cikin takunkumi: "Dubi sakaci. Sun bar ciyawa ta cika wuri, a jere kuma, kamar da gangan aka shuka ta."

Da ya kai ƙarshen fagen ya miƙe yana haki, ya waiwaya ya ga ciyawa zalla tana sheƙi a rana, babu ɗigon bare a cikinta. Ya ji daɗi har ransa.

Wata malamar makaranta da ta yi watanni tana rainon 'yan itatuwan nan saboda ɗalibanta ita ta fara gani. Ba ta yi ihu ba. Zama kawai ta yi a ƙasa ta dafe kai. Gwaggo ta iso, ta dubi fagen, ta dubi Mai Mura, ta dubi sama.

"Ku kawo ruwa da sauri, saiwarsu ba ta bushe ba, a mayar da waɗanda za su mayu." Sannan ta juyo gare shi a hankali. "Ɗan'uwana, murar nan ta taɓa maka ido ne?"

"Idona? Idona garau yake!" Muryarsa ta gaskiya ta kusa kuɓucewa.

"To. Akwai baro can bakin kwata. An gama yashewa, an cika shi da laka. Ka tura shi ka kai ramin taki. Hanya ɗaya ce, miƙaƙƙiya. Babu abin cirewa, babu abin haɗawa."

Gaskiya hanyar miƙaƙƙiya ce, amma da ɗan hawa. Sa-Ido ya kama hannayen baro ya ɗaga, ya ji kamar an ɗora masa ginin majalisa. Ya tura, baro ya yi gaba kaɗan. Ya ƙara turawa, gumi ya cika tabarau, takunkumi ya manne masa a baki. Da ya kai tsakiyar hawan sai baro ya tsaya ya yi shawara, ya ga bai ga dalilin da zai sa ya ci gaba ba. Ya fara dawowa.

"Tsaya!" in ji Kansila, da muryar da yake tsawata wa masinja.

Baro ba ma'aikacin majalisa ba ne. Ya turo tumbi, tumbi ya turo mai shi, suka dinga gangarowa da baya, shi yana taka rawar da ba a kiɗa ba. Suka bangaje gangar da ake tara ruwan sama a ciki, ta kife ta bi su. A bakin kwata dugadugansa suka rasa ƙasar takawa. Ya faɗa ciki zaune, tsulum, baro ya juye masa lakar duka a cinya, ganga ta zo ta ƙarasa da ruwa. Wandon ƙanen matarsa, wanda ya yi haƙuri tun safe, ya ce shi ma ya sauke nauyi.

Kwatar da ake ta yashewa tun safe ta koma yadda take, har da ƙarin kansila a ciki.

Sai da mutane suka haɗu, wasu suka kama hannu wasu suka kama ƙafa, kafin aka zaro shi kamar toshiyar kwalba. Gwaggo ta duddube shi ta tabbatar babu karaya, ta miƙa hannu za ta cire masa takunkumi don ya sha iska. Ya riƙe gam.

"Mura! Za ku ɗauka!"

"Ka ji mutum mai tausayi," in ji Tela. "Ya kusa hallaka mu, amma ba ya so mu yi atishawa."

Aka ba shi bokitin ruwa ya zagaya bayan rumfa ya ɗauraye jiki, aka ara masa wani tsohon buhu ya ɗaura a ƙugu. Gwaggo ta raka shi har ƙofa.

"Mun gode da niyya, ɗan'uwana. Ka je ka huta. Ka huta sosai. Kada ka yi gaggawar warkewa."

Kana tsammani ya tafi gida da kunya? Ai ba ka san mutumin ba. Tafe yake yana ɗingishi yana murmushi a cikin takunkumi. Da ya shiga gida matarsa ta toshe hanci ta ja da baya.

"Innalillahi! Ina wandon ƙanena?"

"Ya yi shahada a bakin aiki. Amma na kama su! Ke, a safiya ɗaya: shara a cakuɗe, shuka a tuge, kwata a toshe, ruwa a zube. Ƙungiyar da irin wannan ɓarna ke faruwa a cikinta ta cancanci a bar mata filin hukuma?"

"Wa ya yi ɓarnar?"

"Wannan ba shi ne abin tambaya ba. A ina aka yi, shi ne abin tambaya."

"Baban yara, ka dai kalli bidiyon nan kafin ka nuna wa mutane."

"In kalli me? Ina wurin aka yi komai!"

Ranar zaman majalisa zaure ya cika. 'Yan ƙungiya sun zo sun zauna a kujerun baya, Gwaggo a gaba, fuskokinsu duk damuwa, don sun san in aka karɓe filin aikin shekaru ya tafi. Sa-Ido ya shigo cikin kaya masu sheƙi, turare na tashi, ya wuce ta gabansu. Ko mutum ɗaya bai gane shi ba. Wannan karon ya ji daɗin hakan.

Ya miƙa wa akawu wayar. Akawu ya haɗa ta da na'urar haska hoto, aka ja labule, bango ya yi haske.

Da yake kyamarar a ƙirji take, ba a ganin fuska. Hannaye biyu kawai ake gani, gajeru masu kauri, suna ta aiki. Ga su suna cakuɗa robobi da tumatir.

"Ku duba!" in ji Sa-Ido, yana nuna bango da sanda. "Ku dubi wannan dolo! Wannan shi ake kira ɗan sa-kai. Ko tunkiya aka ba shebur ai ta fi shi."

Kansiloli suka fara gunaguni. A baya, Tela ya raɗa wa Gwaggo, "Ai Mai Mura ne! Ashe ɗan leƙen asiri ne."

Hannayen suka koma fage suna tuge 'yan itatuwa. Wata kansila ta dafe ƙirji. Sa-Ido ya ga kasuwa ta buɗe, ya ƙara wuta.

"Kun gani? Makaho da ido biyu! Gaɓo, sakarai, wanda kansa ba komai sai iska. Ni da za a bi ta tawa, irin wannan ko tukunyar fure ba za a bari ya matsa kusa da ita ba har abada."

Shugaba ya ce, "Wane ne wannan mutumin?"

"Ɗaya daga cikin manyansu ne, ranka ya daɗe."

Tari ya sarƙe Mai Tari har sai da aka bubbuga masa baya aka ba shi ruwa.

Sai dai akwai abin da mai sanda bai lura da shi ba, don hankalinsa na kan hannayen. A bayan hannayen, kowa na ganin mutane suna aiki kamar tururuwa: ga masu sake ware shara, ga malama a durƙushe tana mayar da shuka ɗaya bayan ɗaya, ga Gwaggo tana ba da umarni. Duk abin da hannayen suka rusa, sai a ga mutane sun taru sun gyara, babu zagi babu duka.

Aka zo wurin baro. Hoto ya yi ta girgiza, aka ga sama, aka ga ganga, aka ga laka, aka ji "tsulum". Zaure ya fashe da dariya, Sa-Ido ya fi kowa ƙyaƙyatawa.

"To, a tsaya nan," ya ce. "Akawu, kashe."

Akawu ya danna wani abu, sauti ya ƙaru.

Abin da gogan ya manta shi ne, a bayan rumfar nan inda ya je ɗauraye jiki, akwai wani tsohon madubin kabad da aka jingine cikin kayan da za a sake sarrafawa. Kuma Sa-Ido bai taɓa wuce madubi bai gaisa da shi ba.

Bango ya nuna wani mutum tsaye, laka har wuya, malafa a karkace, wando a buɗe ta inda bai kamata ba. Mutumin ya waiga dama da hagu, ya cire tabarau, ya sauke takunkumi. Fuskar Kansila ta cika bangon majalisa, ta kashe ido ɗaya.

"Sa-Ido, kai ne gwani," in ji bangon, da murya garau ba mura. "Ko uwar da ta haife ka ba za ta gane ka ba. Filin nan ya zama naka. A nan za a kafa allon, da manyan baƙaƙe, a sa fitila a kansa."

"Kashe! Na ce ka kashe!"

"Ranka ya daɗe, ina ta neman wurin," in ji akawu, wanda hannayensa ke naɗe a ƙirji.

Sa-Ido ya ruga ya tsaya a gaban na'urar don ya tare hoton. Sai fuskar tasa ta koma kan tumbinsa, tana ta kashe ido daga can.

Da aka samu aka buɗe labule, rabin kansiloli na kwance a kan tebur. Shugaba kaɗai ne bai yi dariya ba, amma ya daɗe yana goge tabarau.

"Kansila, wanda ka ce ko tunkiya ta fi shi..."

"Gwaji ne, ranka ya daɗe! Dabara ce ta sa ido ta zamani. Da gangan na yi, don in auna juriyarsu."

"To, sun ci jarrabawa. Ƙungiyar da ta ɗauke ka safiya guda ba ta rushe ba, ambaliya ma ba za ta iya da ita ba. Masu goyon bayan a sabunta aron fili?"

Hannaye suka tashi kamar an shuka su. A baya malama ta rungume Gwaggo tana hawaye. Shugaba ya ce ko shugabar ƙungiya na da abin cewa. Gwaggo ta miƙe ta gyara tsayuwa.

"Mun gode, ranka ya daɗe. Tun da muka kafa ƙungiyar nan ba mu taɓa korar ɗan sa-kai ba, kuma ba za mu fara yau ba. Alfarma ɗaya muke roƙo. In majalisa na son taimaka wa muhalli, ta samar wa bawan Allahn nan abin yi duk ranar Asabar. A ofis. A kulle."

"An kawo ƙuduri," in ji Shugaba. "Masu goyon baya?"

Sa-Ido ya zabura ya ɗaga hannu zai yi ƙorafi. Akawu ya duba zaure ya ce, "Baki ɗaya, har da mai shi."

Sannan ya ɗaga alƙalami ya tambaya, "Ranka ya daɗe, rahoton kwamitin sa ido fa? Me zan rubuta a kansa?"

Shugaba ya mayar da tabarau, ya dubi Kansila da tausayi.

"Rubuta cewa majalisa ta yaba wa kwamitin. Ya yi bincike mai zurfi, ya gano babbar barazanar da ke fuskantar muhalli a garin nan, kuma ya kawo mana ita har zaure da ƙafarta."